Abin da karatu ya koya mini game da cimarmu da kansar hanji

Duk wanda ya ji ina karatun abinci mai gina jiki, tambaya ɗaya yake jefo mini: wane abinci ne ke kawo kansar hanji? So yake a ambaci abu guda, ya daina ci, ya huta. Malamanmu kuwa sun sa mu duba abin da mutum ke zubawa a kwanonsa safe da dare, shekara da shekaru.

Binciken da ya fi zauna mini a rai an buga shi a 2015. An ɗauki baƙaƙen fatan Amurka 20 a Pittsburgh da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu, aka musanya musu cima na mako biyu. Amurkawan suka koma kan masara da wake da ganye, 'yan Afirkan aka cika musu faranti da nama da maiƙo. Cikin wannan ɗan lokaci hanjin Amurkawan ya ƙara samar da butiret, sinadarin da ƙwayoyin cikin hanji ke yi idan sun samu dusa da zare-zaren ganye, wanda ke ciyar da bangon hanji yana rage kumburi. Na 'yan Afirkan kuwa ya juya zuwa alamomin haɗari. Mako biyu kacal! Tun wajen 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya lura cutar ba ta cika kama masu cin hatsi da dusarsa ba.

Nan ne na tuna turmin gidanmu. A surfa gero, a sheƙe dusa a ba akuya, mu ci farin. Yanzu ma mun wuce nan: farar shinkafa da rana, taliya da dare, burodi da lemon kwalba a tsakani. Dambun zogale, wake, miyar kuka da fate mai ganye sun zama abincin wanda bai samu ba, kuma wannan kallon yana ba ni haushi.

Maganar nama na nan. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sanya sarrafaffen nama, wato wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadari, cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, ta ce giram 50 kullum na ƙara haɗarin kansar hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Busasshen nama mai gishiri yana cikin jerin, don haka kilishi bai tsira ba. Amma tsinken tsire ɗaya ranar Juma'a ga mai cin wake da ganye duk mako daban yake da na wanda nama ne cimarsa, ga ƙiba, ga zama wuri ɗaya.

Wani abu da abinci ba ya gyarawa: mu a nan, duk jinin da aka gani a bayan gida sai a ce basir ne, a nufi mai maganin gargajiya. Idan jinin ya daɗe, ko mutum yana ramewa, ko bayan gidansa ya sauya, asibiti za shi a duba hanjin.