Haƙorin kifin ambar: daga gindi ake fara dubawa

Haƙori na farko da na saya ba haƙori ba ne, roba ce aka narka aka zuba a mazubi. Zanen ne ya ɗauke mini hankali: jirgi mai filafilai uku, ga sunansa, ga shekara. Da na juya shi na leƙa gindi tun kafin in biya, da kuɗina suna aljihuna.

Abin da nake tarawa kayan maharban kifin ambar ne, wato ƙatuwar dabbar tekun nan da ake samun turaren ambar a cikinta, wadda jiragen Nantaket da Niyu Bedfod a Amurka suka yi ta farauta a ƙarni na 19 saboda man jikinta. Tafiya ɗaya kan ci shekara uku ko huɗu. A ranakun da babu farauta, matuƙi zai ɗauki haƙori ya kankare shi, ya goge da fatar kifin shak, ya yi zane da wuƙar aljihu ko allurar ɗinkin filafili, sannan ya shafa baƙin hayaƙin fitila ya shiga cikin tsagar. Wannan sana'a ita ce sikirimsho. Tun shekarun 1970 aka cika kasuwa da kwafinta na roba, kuma yawanci ba don damfara aka yi su ba, kayan ado ne. Sai sun wuce hannu uku ko huɗu suke zama "gadon kaka".

Yanzu ba na kallon zane sai na gama da gindi. Haƙorin gaske yana da rami mai siffar mazurari, busasshe, bakinsa siriri, sau da yawa da ɗan ɓallewa. Na roba raminsa ba zurfi, kuma an dama masa launin ƙasa iri ɗaya ko'ina. Daga nan sai gilashin ƙara girma mai ninki 10. Wuƙa tana barin tsaga mai kaifi, wani wuri zurfi, wani wuri hannu ya zame. Mazubi kuwa yana barin layi mai santsin ƙasa, ga ƙananan ramukan kumfar iska. A ɗaki mai duhu, fitilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, tana sa haƙori ya yi haske fari mai ɗan shuɗi, akasarin roba kuma ta yi dishi-dishi. Masu cewa a soka allura mai zafi ba na bin shawararsu. Akwai robar da ba ta narkewa, haƙorin gaske kuma tabon ƙunar zai zauna masa har abada.

Wanda ya fi wuya shi ne tsohon haƙori da sabon zane, domin duk gwajin da na lissafa zai tsallake. Nan tsagewar tsufa ce mai ba da shaida. Haƙori yana tsagewa a tsaye, daga gindi zuwa tsini. Idan tawada ta malala cikin tsagewar, to tsagewar ta riga zanen zuwa, kuma shakka ta shigo. Ina kuma neman ƙananan ɗigo-ɗigo a gefen hoto, musamman na mata masu manyan riguna, saboda matuƙa kan manna hoton mujalla a jikin haƙori su bi shi da tsinin allura. Yawan bayani ma abin tsoro ne. Akasarin na gaske ba suna, ba shekara. Masu sa hannu irin na Frederick Myrick, da ya zana a jirgin Susan a 1828 da 1829, an san su, an ƙirga su, ba a tsintar su a teburin gwanjo.

Mashin farautar ya fi sauƙin ganewa. A 1848 Lewis Temple, maƙeri baƙar fata a Niyu Bedfod, ya ƙera mashi mai kan da ke juyawa ya gicciye cikin nama, ɗan tsinken itace ne ke riƙe shi har ya karye da ja. Duk wanda ya nuna maka mashin ƙarfe irin wannan ya ce na 1820 ne, lissafinsa bai fita ba. Jikin mashin ƙarfe ne mai laushi da ke lanƙwasa ba ya karyewa, kuma in tsatsa ta ci shi za ka ga zare-zare kamar na itace. Haɗin maƙera ne, na wuta da guduma. Ka ga ɗigon walda, ajiye. A kan mashin akan sami tambarin maƙeri da haruffan kwale-kwalen da ke da shi, kamar LB ko WB, masu nuna wurin da kwale-kwalen yake a jikin jirgi.

Takarda kuwa ba abin wasa ba ce. Kifin ambar yana sahun farko na yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, don haka haƙorinsa ba ya tsallake iyaka sai da izini. A Amurka akwai dokokin 1972 da 1973 na kare irin waɗannan dabbobi, kuma kai ne za ka tabbatar kayan ya haura shekara 100. A 2025 Birtaniya ta shigar da shi ƙarƙashin dokarta ta hauren giwa. Ina riƙe kowane rasit da tsohon lakabi, ko da ya yage.

Asarar da ta fi yi mini ciwo a ajiya ta faru. Na bar haƙori mai kyau kusa da hita a lokacin sanyi, iskar ɗakin ta bushe kamar ta tsakiyar hunturu, cikin mako biyu ya tsage tun daga gindi har rabin jirgin da ke jikinsa. Danshin kashi 45 zuwa 55 yake so, ba hawa da sauka, ba rana. Ba a wanke shi, ba a shafa masa mai, domin ruwa na kwashe tawada, mai kuma na jawo datti. Burushi mai laushi ya isa. Mashi nakan share masa sakakkiyar tsatsa kawai, in shafa kakin adana kayan tarihi mai suna Renaissance siriri, in bar baƙin jikinsa yadda na same shi.