Abin da toshewar hanji ta koya min a ɗakin marasa lafiya

Lokacin da na fara aiki a ɓangaren tiyata, a tunanina duk wanda hanjinsa ya toshe to sai wuƙa kawai. Wata baiwar Allah ce ta canza min tunani, an taɓa yi mata aiki a ciki shekarun baya, ta zo cikin ya kumbura tim, amai take ta yi kore shar, ba bayan gida ba tusa. Ni har na fara shirin tiyata a raina sai babban likitanmu ya ce a dakata, ya lalluba cikin a hankali, ya duba ko akwai ƙaba, ya kalli hoton sikanin sannan ya ce tabon aikin baya ne ya manne ƙaramin hanjin, in muka sake buɗewa wani sabon tabon za mu bar mata.

Sai muka hana ta ci da sha, muka zura tiyo ta hanci har ciki yana janyo ruwan da ya taru, ga ƙarin ruwa a hannu, ga robar fitsari muna auna abin da ke fita. Sinadarin fotasiyam na jininta ya yi ƙasa saboda aman, muka gyara. Daga baya aka zuba mata Gastrografin mil 100 ta tiyon, ruwa ne da ke fitowa a hoto, in ya isa babban hanji cikin awa 24 to akasari hanyar za ta buɗe da kanta.

Gaskiya jiran nan ya fi min komai wuya. Ƙa'idojin Bologna, waɗanda likitocin tiyata ke bi kan irin wannan toshewar, sun ce ana iya jira har awa 72 amma fa sai in babu alamar hanjin ya shaƙe, wato jini ya daina isa gare shi, don haka bini-bini ina bakin gadonta, zazzaɓi ya shigo? bugun zuciya ya ƙaru? ciwon da ke murɗawa yana saki ya koma tsayayye? cikin ya yi tauri kamar katako? Ɗaya daga ciki ya bayyana to babu sauran jira, sai tiyata.

'Ya'yanta kuma gani suke ba abin da muke yi, sai da na zauna na yi musu bayani, na roƙe su kar a ba ta ko kurɓin ruwa a ɓoye duk da tausayin da take ba su, leɓenta duk ya bushe muna shafa mata jiƙaƙƙiyar auduga.

Da asubar kwana na biyu ta kamo hannuna tana jin kunya, "Likita, iska ta fita." Na ce Mama wallahi tun jiya maganar da nake jira ke nan, na leƙa jakar tiyon, ruwan ya ragu sosai.