Dare uku na poka a wata fada ta Zinder

Daga Maraɗi zuwa Zinder kusan kilomita 240 ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Mun tashi bayan asuba cikin hazon hunturu, muka ratsa Cadawa da Agye da Gazawa, muka tsaya karin kumallo a Tasawa. Daga Takyeta ƙasar ke fara sauya kama, har ka hango manyan duwatsun nan da suka yi wa garin rumfa. Kabu-kabu ya kai ni Birni, ta gaban fadar Sarkin Damagaram, zuwa gidan yayata. Garin nan shi ne babban birnin Nijar kafin Faransawa su mai da mulki Yamai a 1926, kuma har gobe Damagarawa ba su manta ba.

Ɗanta ne ya ja ni fadarsu, wato majalisar hirar samari, bayan isha'i: samari takwas, tabarma biyu, butar shayi a kan gawayi. Belot, wani wasan karta, suke bugawa tun suna yara, amma sun ga poka a waya suna son a koya musu. Dattijon da ake zama a ƙofar gidansa ya gindaya sharaɗi kafin a taɓa kati.

"Ku yi wasanku, amma ko dala kada ta sauka a tabarmar nan. In kuɗi ya shiga ya zama caca, kun kuwa san abin da Suratul Ma'ida ta ce."

"To, Baba," in ji su gaba ɗaya.

Matsalar farko karta ce. Belot kati 32 take ci, daga 7 zuwa as (mai harafin A), don haka duk kartar fadar an zubar da ƙananan. Poka kuwa sai da 52 cif, dangi huɗu, kowane 13. Washegari muka sayo sabuwa a Kasuwar Dole, muka cire joka biyu, muka ƙirga sau biyu. A madadin kuɗi kowa ya karɓi wake 50 da ƙwallon dabino 15, kowane ƙwallo a bakin wake goma, jimla 200. Kada a raba ƙasa da haka. In jari ya yi kaɗan, hannu uku kawai, wato rabo uku, mutum zai tura duka, wasan ya koma ƙuri'a.

Irin da muka buga shi ne na Texas, wanda ya fi yaɗuwa a gidajen caca. Mutum biyu da ke hagun mai rabo suna zuba na dole kafin su ga komai, na farko wake 1, na biyu wake 2. Kowa ya karɓi kati biyu a rufe. Sai a buɗe biyar a tsakiya, uku a tashi ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya, ana jefar da na sama a rufe kafin kowane buɗi. Zagaye huɗu ke nan na zubi, kuma a kowanne ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka, ko ka wuce in ba wanda ya zuba. A ƙarshe ka haɗa biyar mafi ƙarfi daga bakwai ɗin. Na rubuta musu jerin a bayan kwalin sukari, daga ƙasa: tagwaye (kati biyu iri ɗaya), tagwaye biyu, uku iri ɗaya, biyar a jere, biyar dangi ɗaya, uku da biyu, huɗu iri ɗaya, sai jere kuma dangi ɗaya. Wurin da kowa ke tuntuɓe shi ne dangi ɗaya ya fi jere. Sai da aka yi gardama a kansa kowane dare.

Belot ce ta fi ba su wahala. A can 10 ta fi sarki, kuma bale da 9 su ne manya in danginsu ne ke mulki. A poka babu dangi mai mulki, 10 kuma tana ƙasa da katunan hoto, wato bale, da dam, da sarki. Wani tela a cikinsu ya sami bale da 9 na ker, dangin jar zuciya, fuskarsa ta washe, ya tura ƙwallo biyar kafin a buɗe komai. Wanda ya bi shi dam biyu ke hannunsa. Ko da aka buɗe na ƙarshe ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa, yana ta tambaya, "Kawu, to ina amfanin balen?"

Babbar cutar sabon shiga ita ce ba ya son ajiye kati. Yana ganin kamar ya ji tsoro ne. A tabarma mai mutum takwas ko tara, gwani yakan ajiye kusan hannu huɗu cikin biyar tun kafin a buɗe na tsakiya. Lissafi ne ya kawo haka. Tagwaye a hannu sau ɗaya suke zuwa cikin 17, as biyu kuwa sau ɗaya cikin 221. In kana da ƙananan tagwaye, na ukunsu zai fito a buɗin farko kamar sau ɗaya cikin takwas ne kawai. As da 4 yana da kyan gani, amma in as ya fito a tsakiya kuma wani yana riƙe da as da sarki, katinsa na biyu zai kashe naka, kai kuma ka bi shi har ƙarshe don kana ganin kana da tagwaye. Wannan hannu ya fi kowanne cinye waken samarin nan.

Daga nan wata ƙa'ida ke fitowa wadda ko waɗanda suka ɗan iya suna karya ta: ba a yi wa sabon shiga burga, wato zuba da yawa da hannu wofi don ya tsorata ya ajiye. Burga tana aiki ne a kan mai iya ajiye kati. Wanda zai bi ka da komai don ya ga abin da ka riƙe, zuba masa da hannu wofi asara ce kawai. Abin yi shi ne ka jira hannu mai ƙarfi, ka zuba da kyau, kamar rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tulin tsakiya a kowane zagaye, ka bar shi ya biya. Kada ka yi laɓe da katinka wai kana haƙa masa rami. Zai faɗa ko ba ka rufe bakin ramin ba. Amma in mai bi kullum ya ɗaga kai ya ƙara da yawa a kati na ƙarshe, ka yarda da shi. Irinsu ba sa yin haka sai sun haɗa abu.

Dare na biyu muka zauna a kan lissafi ɗaya har aka sha shayi na uku. Ɗan yayata yana da kati biyu na pik, dangin baƙin ganye, an buɗe huɗu a tsakiya, biyu daga ciki pik. Saura pik 9 cikin kati 46 da bai gani ba, wato kusan sau ɗaya cikin biyar zai cika. Tuli wake 20, abokinsa ya zuba 20. Zai biya 20 don ya ci 40, ke nan sai ya riƙa cikawa sau ɗaya cikin uku kafin ya mai da uwar kuɗi. Ajiyewa ce daidai. Da wake 4 aka zuba, ya biya 4 don 24, bi ne daidai. Hanya mai sauƙi: ƙirga katunan da za su cece ka, ka ninka da 2 in kati ɗaya ya rage, da 4 in biyu suka rage, ka sami kusan kashinka cikin ɗari. Ya ajiye yana cizon yatsa, suka matsa a buɗe don a gani, pik ya fito. Na ce masa ya yi daidai duk da haka, kuma daga ranar muka hana buɗe katin da ba a biya ba, domin shi ke koya wa mutum mugun darasi.

Wurin zama ma jari ne. Mai rabo shi ke magana a ƙarshe bayan an buɗe na tsakiya, ya ga abin da kowa ya yi. Shi ya sa rabo ke zagayawa hagu bayan kowane hannu, kuma na farkon magana ya kamata ya fi kowa tsantseni.

Sun tambaye ni yadda abin yake a gidan caca na gaske. A Amurka ƙaramin tebur yakan fara da zubin dole na dalar Amurka 1 da 2, a raba kamar hannu 30 a awa. Gidan ba ya wasa da kai, amma yana yankar ladansa daga kusan kowane tuli, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har zuwa wata iyaka. In mutum tara masu iyawa ɗaya suka kwana a teburin, a jimlace za su tashi da ƙasa da abin da suka zo da shi. A ƙaramin tebur yankan ya fi ciwo, domin tulin ba ya girma har ya wuce iyakar. Na sa mai shayi ya riƙa ɗauke wake ɗaya cikin goma daga kowane tuli yana jefawa a gwangwani. Kafin sha ɗaya na dare gwangwanin ya fi jarin mutum biyu a cikinsu.

Dare na uku iska ta taso daga wajen unguwar Zango, muka danne katunan tsakiya da tsakuwa. Telan nan ya ajiye hannu goma sha ɗaya a jere, na sha biyu ya sami sarki biyu, ya zuba zagaye huɗu ba tare da ya kalli kowa ba, mutum uku suka bi shi har ƙarshe. Da safe na bar musu kartar da kwalin sukarin, na sayi kilishi a hanyar tasha, motar Maraɗi ta tashi ƙarfe bakwai.