Daga Liyon zuwa ga iyayen ɗalibai: maganar hayar ɗaki

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Garwa, Marwa da Ngaundare. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, ya damina?

Bana ma yaranmu na shirin tahowa karatu Faransa, kuma tambaya biyu ake ta yi mini a waya. In yaro ya ce wa mai gida yana son ɗaki, daga baya ya samu wanda ya fi, zai iya fasawa? Sannan hayar wata nawa ya kamata ya karɓa?

A gida mun saba da cewa magana zarar bunu ce. Ka je da dillali, ka ga ɗaki, ka ce "na kama" a gaban shaidu, to fasawa abin kunya ne. A nan sa hannu ne yake ɗaure mutum. Muddin ba a sa hannu a takardar haya ba, ba a karɓi makulli ba, ba a biya komai ba, yaro ya rubuta wa mai gida saƙo cikin ladabi cewa ya janye, tun da wuri, don a ba wani. Ya dai kiyaye alƙalaminsa tun farko: ya rubuta "ina sha'awa, a turo takarda in duba", kada ya rubuta "na amince da komai", domin rubutu irin wannan ana iya riƙe mutum da shi. Mai gida ma yakan fasa. Wani yaro ɗan unguwarmu ya saki ɗakin da yake ciki saboda an ce masa a waya "ɗakin naka ne", ana gobe za a sa hannu aka ba wani. Ya daɗe yana kwana a kan kujerar falon abokinsa, akwatinsa a bayan ƙofa.

Alhazai, don Allah kada ku tura kuɗin "riƙe ɗaki". Dokar nan ta hana mai gida neman kuɗi kafin a sa hannu, kuma 'yan damfara a intanet da wannan suke cin mutane. Yuro 500 sun kusa sefa 328,000, ba kuɗin wasa ba ne. In kuwa an sa hannu, ko a waya aka danna, ba wasu kwanakin canza shawara. Sai dai a ba da sanarwar tashi, a biya hayar lokacin sanarwar.

Batun tsawon haya shi ne inda aka fi yi wa abin gurguwar fahimta. Dokar 6 ga Yuli 1989 ta ce gidan da ba kaya a ciki, mafi ƙarancin hayarsa shekara 3 ne in mai gidan mutum ne, shekara 6 in kamfani ne. Wani dattijo da ya ji haka ya ce ba zai ɗaure ɗansa shekara uku ba. Baba, ai mai gida aka ɗaure. Shi ne ba zai iya cewa a tashi ba sai wa'adi ya cika, da sanarwar wata 6, kuma da dalili: zai sayar, ko zai shiga da kansa ko wani nasa na kusa, ko ɗan haya ya saɓa sharaɗi. Ɗan haya kuwa duk ran da ya ga dama zai ba da sanarwar wata 3 ya tafi, a garuruwan da gidaje ke wuya kamar Paris da Liyon ma wata ɗaya ne.

Yawancin ɗalibai ɗaki mai gado da firji da kayan girki suke kamawa. Wannan hayarsa shekara ɗaya ce, tana sabunta kanta, sanarwar tashi wata ɗaya, kuɗin ajiya har na wata 2. Akwai kuma ta wata 9 da aka yi wa ɗalibai, wadda ba ta sabuntuwa. Iyaye na son ta don suna ganin an tsira daga biyan hayar hutu. Ni dai ban ga ribarta ba. Mai ta shekara ɗaya ma zai iya tashi a watan Yuni in ya so, mai ta wata 9 kuwa dole ya tashi ko ya roƙi sabuwar takarda, ga shi yaronmu ba lallai ya samu kuɗin jirgin zuwa gida hutu ba. Sai ya koma neman ɗaki a Satumba, lokacin da duk ɗaliban garin ke nema.

Wanda zai zo koyon aiki na ɗan lokaci, tun 2018 akwai hayar wata 1 zuwa 10, ba kuɗin ajiya. Wanda ba shi da mai tsaya masa a nan kuma ya nemi Visale, wato tsarin da ke tsaya wa ɗan haya a wurin mai gida in ya kasa biyan haya, tun kafin ya fara neman ɗaki, kyauta ce ga matasa 'yan shekara 18 zuwa 30.

A gaida mutanen gida duka. Allah ya ba yaranmu sa'ar karatu.

Naku a Liyon.