Maganin damuwar Inna da zafin Damagaram

Tun bayan rasuwar Baba, Inna ta daina barci, abinci sai an lallashe ta, ko gidan suna ba ta leƙawa. Lokotoro ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata Laroxyl, wato amitriptyline, ƙwayar miligiram 25 kowane dare. Ni ke riƙe da maganin.

Wahalar wannan magani kan riga amfaninsa isowa, shi ya sa mutane da yawa ke watsar da shi. A satin farko Inna ta ce mini: "Ɗiyata, bakina ya bushe ƙamas, kaina ya yi nauyi, ki bar ni da shi haka nan." Ga maye har hantsi, ga taurin bayan gida, in ta miƙe daga tabarma da sauri jiri ya kwashe ta. Sauƙin zuciya kuwa sai bayan sati 2 zuwa 4, wani ma har 6. Na roƙe ta haƙuri. Muka koya mata ta zauna tukuna kafin ta tashi, na ajiye mata kwanon ruwa kusa da shimfiɗa, muka ƙara zogale da kuɓewa a miya.

Zafin garinmu ya fi damuna. Maganin na rage zufa, ga Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, don haka na hana ta zuwa Kasuwar Dole da tsakar rana.

Ƙwayoyin a akwati mai kwaɗo suke. In aka sha su fiye da ƙima suna rikita bugun zuciya har su kashe, yaro kuwa ƴan kaɗan sun ishe shi. Haɗa su da taramol kan jawo farfaɗiya, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga masu tallan magani a tire suna miƙa wa kowa abin da ya nema. Mai ciwon zuciya ko wahalar fitsari ya faɗa wa lokotoro tun farko. Matasa ƴan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko, don tunanin halaka kai kan iya ƙaruwa.

Yanzu Inna ta samu sauƙi, alhamdulillahi, har tana cewa a daina. Lokotoro ya ce a ci gaba wata 6 bayan samun sauƙi, sannan shi da kansa zai riƙa ragewa a hankali, domin yankewa farat ɗaya na kawo tashin zuciya, ciwon kai da rashin barci.