Kafin ka danna -reconfigure, ƙanena

Jiya na leƙa allon wani ƙanena a wurin aiki. Ya ɗaga Terraform, manhajar da ke gina sabobi da sauran kayan aikin intanet daga rubutaccen tsari, daga bugu na 1.5 zuwa 1.10, `terraform init` ya ƙi tafiya, sai na ga yana rubuta `-reconfigure` ba tare da ya karanta ko layi ɗaya na ƙorafin ba. Na ce masa ya dakata, don ni ma ramin da na taɓa faɗawa ke nan.

Ga yadda ramin yake. Tun 1.6 aka sake fasalin yadda Terraform ke ajiye fayil ɗin state, wato rajistar abubuwan da ya riga ya gina, a S3, ma'ajiyar fayiloli ta Amazon: `role_arn` ya koma cikin `assume_role`, `endpoint` ya zama `endpoints`, `force_path_style` ya zama `use_path_style`. A 1.10 aka cire tsohon `role_arn` gaba ɗaya. Dole ka sake rubuta sashen `backend`, inda ake faɗa masa wurin ajiye state, kuma a garin haka ni na canja `key`, wato sunan fayil ɗin a S3, da harafi ɗaya. Shi kuwa `-reconfigure` ba ya kwaso komai daga tsohon wuri, abin da ya tarar a sabon adireshi shi yake ɗauka, kuma babu komai a can. Sai `plan`, umarnin da ke nuna abin da Terraform zai yi kafin ya yi, ya nuna zai ƙirƙiri kowane abu daga farko, na amince. Wasu suka tsaya saboda sunan yana nan, wasu suka zama biyu-biyu, kuɗi na tafiya.

Na sha ce wa kaina ai saƙon ne ya kawo `-migrate-state`, mai kwaso state daga tsohon wuri, da `-reconfigure` a jere, kuma dare ya yi. Gaskiya ne, amma adadin abubuwan da zai ƙirƙira yana gabana a ƙasan `plan`, ban duba ba. Sannan da na dawo da tsohon fayil daga ajiyar S3, sai ya ce abin da ke ciki bai dace da wanda yake tsammani ba. Dalilin shi ne teburin DynamoDB, inda Terraform ke ajiye kullen da ke hana mutum biyu taɓa state lokaci ɗaya, yana riƙe da wani layi mai ƙarewa da `-md5`, kuma `Digest` ɗinsa, wato lambar tantance fayil, na fayil ɗin da ya gabata ne. Gyaran shi ne ka sa lambar da saƙon ya ba ka a wurin. Ni kuwa na bi ta `-lock=false`, ina zaton matsalar kulle ce.

Ƙanena, na yi niyyar jero maka abubuwa goma, amma yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce layi uku, sai kwafo umarni daga intanet ku liƙa. To ga kaɗan. Kafin ka taɓa komai, yi `terraform state pull` da tsohon bugun, ka adana, ka rubuta `serial` da `lineage`. Ka tabbata bokitin S3 (`bucket`) da state ke ciki yana ajiye tsofaffin kwafi. Kada ka ɗaga Terraform da provider, manhajar da ke haɗa shi da kamfani irin su Amazon, rana ɗaya, domin idan sabon provider ya sake rubuta state, tsohon zai iya ƙin karanta shi.

Kada ka yi `force-unlock`, wato cire kulle da ƙarfi. Ko kuwa ka yi, don wani lokaci aiki kan mutu ya bar kulle, amma sai ka tambayi wanda sunansa ya fito a saƙon tukuna. Idan za ka koma `use_lockfile`, mai ajiye kullen a S3 ɗin kansa, bar DynamoDB a haɗe har kowa ya ɗaga nasa.

Yanzu koma ka kwatanta `bucket`, `key` da `region` da na tsohon saitin, harafi bayan harafi, sannan ka kira ni mu duba `plan` tare.