Saƙon godiya ga ’yan uwa da abokan arziki

Assalamu alaikum. Da yawa daga cikinku kun ji labarin rashin lafiyata a bakin wasu, kun kira ban ɗaga ba, kun zo gida aka ce ina barci. Ku yi min afuwa. Yau zan faɗa da bakina: likitoci sun tabbatar ina ɗauke da ciwon daji na furostet, wanda aka fi sani da kansar mafitsara. Alhamdulillahi, an gano shi bai kai ga ƙashi ba, kuma na fara magani.

Abin ya faro ne da yawan tashi fitsari cikin dare, fitsarin kuma ba ƙarfi. ’Yata ta fari ce ta matsa sai an yi min gwajin jini na PSA. Da sakamakon ya fito sama, aka tura ni wurin likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya duba ni da yatsa ta dubura, aka yi hoton MRI, sannan aka tsakuro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Maki 7 aka ba ni a ma’aunin Gleason na auna tsananin ciwon, wanda ke tashi daga 6 zuwa 10. Likitan ya zaunar da ni ya zana min a takarda inda abin yake, ƙasan mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari. Ya ce kumburin furostet da ke samun yawancin dattawa daban, ciwon daji daban, gwaji ne kaɗai ke raba su. Allah ya saka masa da alheri, shi da ma’aikatan jinyar da ba su taɓa nuna ƙyamata ba lokacin da nake yawo da robar fitsari.

Hajiya uwargida, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allurar da ake min duk wata uku tana karya sinadarin mazantaka ne, domin shi ciwon yake ci ya girma. Sai zufa ta karyo min tsakar dare ko da sanyi ake, ga saurin fushi, ga abin da ke tsakanin miji da mata ya ja baya. Ke kika fara cewa mu je mu tambayi likita tare, ni kuwa kunya ta rufe min baki. Allah ya ba ki Aljanna.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ba zan ambaci sunansa ba, don bai ba ni izini ba. Shekara da shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, ashe ya sha wannan ciwon ya tashi, ban taɓa ji ba. Da labari ya kai masa, ya zo da kansa bayan la’asar, ya kori yara, ya faɗa min komai filla-filla: yadda gashin na’ura yake, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, cewa ba a jin zafi a lokacin, gajiya ce ke biyo baya, me zan ci, wane irin wando zan sa. Duk wanda ya zo dubiya ya ce min “Allah ya sawwaƙe”, kuma na ji daɗi, amma a wannan yammacin ne na fara cin abinci da marmari. Shi ya tuna min cewa Nelson Mandela an yi masa gashin wannan ciwo a 2001, ya rayu har 2013. Saboda wannan bawan Allah nake rubutun nan a fili. Mu maza muna ɓoye ciwon nan fiye da kima, har sai ya kwantar da mutum da ciwon baya.

Ina godiya ga limaminmu, wanda ya warware min damuwar alwala: a mazhabar Malikiyya, wanda fitsari ke zubo masa mafi yawan lokaci ba da ikonsa ba, alwalarsa ba ta karyewa da shi. Da wannan na koma jam’i.

Tsofaffin abokan aikina da ’yan zumuncin ajinmu na WhatsApp sun haɗa kuɗi ban roƙa ba. Ƙanina ya ba ni masauki a Abuja, inda zan yi gashi a Babban Asibitin Ƙasa. Surukina ne ya binciko asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda ya ƙunshi kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, yana kuma bin takardun. Masu kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe, na san ƙauna ce, na gode, amma don Allah a dakata haka nan. Ba na shan komai sai likita ya gani.

Ga ƙannena da ’ya’yana maza: ciwon nan ya fi kama baƙar fata, kuma wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi shi ya fi shiga haɗari. Duk wanda ya kai 40 a cikinku ya je ya ga likita a kan gwajin PSA, zan tambaya. Wanda kuma aka faɗa masa irin abin da aka faɗa min, ko ban san shi ba, ya turo min saƙo, zan kira shi da kaina. Masu son zuwa dubiya, bayan la’asar ya fi min sauƙi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.